Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Shirya Kaye A Wasan Judo

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗalibi a jami'a, ya gabatar wa matasa a zaman yamma na bikin tunawa da kafa ƙungiya

 



Da kwamitin shirye-shirye ya ce in yi magana a kan wasan motsa jiki, sai na ce to, bari in tsaya a kan wanda na sani, wato judo. Ni ba metir ba ne, ɗalibi ne kamar ku, shekara shida ke nan ina hawa tapi. Cikin judo ɗin ma abu ɗaya tak zan ɗauka: mi ke faruwa kafin mutum ya faɗi? Duk wanda ya zo kulob ɗinmu sabo, tambayarsa guda ce: yaushe za a koya mini kaye? In aka yi wata biyu ana koya masa riƙon riga da taku, sai ya ɗauke ƙafa, ya koma fada ya ce ba a koyar da komi. Alhali abin da ya gudu ya bari, shi ne judo ɗin.

Wanda ya assasa wannan wasa, Jigoro Kano, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokiyo na ƙasar Japan a shekarar 1882. Shi kansa mutum ne mai ƙaramin jiki, don haka ya maida hankalinsa ga tambayar yadda ƙarami zai kayar da babba. A koyarwar makarantarsa, kowane kaye yana da matakai uku: kuzushi, wato gusar da mutum daga daidaiton tsayuwarsa, tsukuri, wato ka shigar da jikinka inda ya dace, sannan kake, wato kayen kansa. Idon ƴan kallo na ukun kawai yake gani. Na farkon kuwa, da abu uku ake samo shi: riƙo, motsi, da matsi.

Kafin in shiga cikinsu, ku tuna da duro cike da ruwa. In yana zaune daram a ƙasa, ƙato biyu sai su yi ta nishi ba su ɗaga shi ba. Amma in aka karkata shi ya hau kan gefen gindinsa, yaro ma sai ya juya shi. Nauyin duron bai ragu ba, wurin da nauyin ya zauna ne ya sake. Haka ɗan Adam yake. Ƙafa biyu gare shi, kuma muddin nauyinsa na tsakaninsu, da wuya ka kayar da shi. In nauyin ya tafi kan yatsu, ko kan dunduniya, ko ya taru a ƙafa guda, to ya zama duron nan da aka karkata. Ƴan Japan sun ƙidaya fuskoki takwas da ake karkata mutum: gaba, baya, dama, hagu, da kusurwoyi huɗu da ke tsakani.

Na farko, riƙo. Mu nan mun taso da kokowa. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, babu ɗan Nijar da bai san abin da ake nufi da kamu ba. Kun sha gani a telebijin, ƴan kokowa biyu su yi minti da yawa suna lalube, kowa na neman kamu, sai da ya samu ƙasa ta amsa cikin ƙiftawar ido. A judo ma haka ne, sai dai mu riga muke kamawa, kimono, kuma tun 2013 doka ta hana kai hannu ga ƙafa ko wando in ana tsaye. Saboda haka ɗan kokowar da ya shigo judo, sai ya fara yaye hannunsa daga ɗaukar ƙafa.

Hannu biyu, aiki biyu. In kai badame ne, hannunka na hagu ya kama hannun rigar abokin karawa wajen gwiwar hannu ko ƙasa da ita kaɗan. Shi ne mai ja, shi ke nuna inda mutum zai faɗi. Hannun dama ya kama wuyan riga a saman ƙirji. Shi ne mai ɗagawa da juyawa. Sabon shiga yakan ɗauka na wuyan ne mai muhimmanci, don shi ake jin ƙarfinsa. Amma in ka saki hannun riga, kayenka ba zai cika ba, mutumin zai dafa ƙasa ko ya juya ya sauka rubda ciki. Kuma in ka riga ka kama hannun da yake son ya kai wuyanka, ka danne shi ƙasa, ka kashe rabin dabarunsa tun bai fara ba.

Wani abin da na daɗe ban gane ba: ba da dukan yatsu ake damƙa ba. Ƙaramin yatsa da biyun da ke biye da shi su ke riƙo, babban yatsa da manuniya a sake suke, don wuyan hannu ya iya juyawa. Wanda ya damƙe riga da dukan ƙarfinsa, ya sandare gwiwar hannu, kafin minti biyu hannunsa ya mutu, alhali karawar manya minti 4 ce. Bayan haka, sandararren hannu ɗan tsegumi ne. Duk abin da kake nufin yi, ya riga ya faɗa wa abokin karawarka ta cikin riga. Hannun da ke sake kuwa, shi ke jiyo maka labarin wancan.

Sannan ka duba da wa kake. In ku biyun duka badamai ne, faɗan a kan hannun riga yake. In ɗaya bahago ne, faɗan ya koma wajen wuyan riga: hannun wa zai bi ta ciki, na wa zai tsaya a waje. Ƙa'idar da metir ɗinmu yake yawan faɗi ita ce, in hannunka biyu na kansa shi kuma guda gare shi a kanka, lokacinka ne, kada ka jira. In shi ke da biyu kai kana da guda, kada ka yi jarumta, ka warware riƙon a sake sabon lale. Ku kalli Teddy Riner na Faransa, wanda ya yi kusan shekara goma, daga 2010 zuwa 2020, ba wanda ya yi nasara a kansa. Mutane na ganin girman jikinsa ne kawai. Ku lura da hannuwansa, za ku ga da wuya ya bar wani ya riƙe shi yadda yake so.

Na biyu, motsi. Mutumin da ke tsaye cik, ƙafafu a buɗe, yana jiranka, shi ne duron da ke zaune. Dole ka sa shi ya yi taku. Kowane taku kuwa yana da wani ɗan lokaci da nauyi ke kan ƙafa guda, ɗayar tana hanya. Nan ne ƙofa. Shi ya sa ake koya mana mu ja ƙafa a kan tapi maimakon ɗaga ta, kada kuma mu gicciye ƙafafu ko mu haɗe su, don kada mu buɗe tamu ƙofar muna neman ta wani.

Bari in ba ku misali biyu da suka saɓa wa juna. Akwai taɗiyar da ake kira de-ashi-barai. Ita tana son ƙafar da ke zuwa gaba, daidai lokacin da za ta sauka, nauyi ya fara tahowa kanta amma bai gama zama ba. Ka share ta a lokacin, mutum ya faɗi kamar wanda ya taka ɓawon ayaba. Ka makara da rabin daƙiƙa, sai ka ji kamar ka harbi turmi. Akwai kuma o-soto-gari, girbe ƙafa ta waje. Ita akasin haka take so: sai ka tara dukan nauyin mutum a kan dunduniyar ƙafar da za ka girbe, kansa ya karkata baya, sannan ka ɗauke ginshiƙin. Ɗaya tana son ƙafar da ba ta gama ɗaukar kaya ba, ɗaya tana son wadda aka labta wa kaya. Wanda bai san wannan ba, zai yi shekara yana harbin ƙwaurin mutane, yana cewa dabarar ba ta aiki.

Kada kuma tafiyarka ta zama gaba da baya kawai. Ka zagaya da shi. In ka ja shi kuna kewayawa, dole ƙafarsa guda ta biyo da dogon taku, kuma kai ka san inda za ta sauka tun ba ta sauka ba, tunda kai ka kira ta.

Na uku, matsi. Allah Ya halicci jiki da ɗabi'ar maida martani. Ka tura mutum baya, zai turo gaba. Ka danne wuyansa ƙasa, zai yunƙura ya miƙe. Ɗan judo yana aron wannan yunƙurin ne. Ka kai masa o-uchi-gari, wato girbe ƙafa ta ciki da ke tura shi baya. In ya faɗi, alhamdu lillahi. In ya zare ƙafa ya turo ƙirji gaba don ya tsira, to ga shi ya kawo kansa. Sai ka juya ka shige ƙarƙashinsa da seoi-nage, kayen da ake goya mutum a baya a wurga shi ta kafaɗa. Ƙarfin da ya wurga shi, rabinsa nasa ne. Sharaɗi ɗaya ne: harin farko ya zama na gaske. In ƙarya ce, jikinsa ba zai amsa ba, kuma alƙalin wasa na iya ba ka shido, wato gargaɗi. Shido uku, an fitar da kai. Bakin tapi ma matsi ne: wanda aka kai gefe ya san in ya fita da gangan za a hukunta shi, don haka zai turo ciki, kuma kai kana jiransa.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa na zaɓi wanga batu, ko da yake ba shi da daɗin faɗi. A shekarata ta biyu, wata yamma muna randori, wato gwajin karawa tsakanin ƴan kulob, aka haɗa ni da wani ƙane, yaro ɗan aji huɗu na kwaleji. Ya tsare ni, na kasa kayar da shi, ga abokai na kallo suna dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Ban gyara riƙo ba, ban motsa shi ba, na shiga seoi-nage da ƙarfin tuwo, na ma saki hannun rigarsa a tsakiyar hanya. Maimakon ya juya ya sauka a bayansa yadda aka koya mana, sai ya sauka a kan kafaɗar dama. Saura mako uku ya zauna jarrabawar BEPC.

Wallahi ranar ban yi barci ba. Da safe metir ya sa ni gaba har gidansu. Na durƙusa gaban mahaifinsa, bakina ya kasa magana. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, tashi. Ƙaddara ce, na yafe. Amma ka faɗa mini, wasa kuke yi ko faɗa?" Har yau ina jin tambayar nan. Allah Ya taimaka ƙashi bai karye ba, yaron ya rubuta jarrabawarsa da hannu a ɗaure yana cije baki, kuma ya samu. Amma bai sake dawowa tapi ba. A hanyar komawa metir ya ce mini, kayen da aka shirya shi da kyau ba ya jin ciwo, don wanda aka kayar yana juyawa ne a kan hanyar da ka buɗe masa, kuma hannunka na riƙe da hannun rigarsa har ya sauka. Kayen da aka yi da dole shi ke ɓalla mutane. Ya hana ni kayar da kowa har wata biyu. Riƙo da taku da uchi-komi kawai, wato maimaita shiga ba tare da kayarwa ba. A wata biyun nan na fara sanin judo.

Malamanmu da ke zaune nan sun karantar da mu labarin kokowar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Rukana, gwanin kokowar Makka. Sun kuma karantar da mu cewa ya mayar da ma'aunin ƙarfi na gaske ga mallakar kai lokacin fushi, sama da iya kayar da mutane. Na san wannan karatu tun ina ƙarami, amma sai da na ga ƙanen nan kwance yana riƙe da kafaɗa na gane ni ake nufi. Kuma dukanmu mun san salla ba ta inganta sai da alwala, komi kyan karatun mai sallar. Mu da aka raina a kan cewa sharaɗi yana gaban aiki, bai kamata shirin kaye ya zame mana baƙon abu ba.

Ga masu son farawa, maza da mata, don ƴan'uwanmu mata ma suna fafatawa a judo a wasannin Olamfik tun 1992, ga shawara uku. Ku fara koyon faɗuwa kafin kayarwa, kada ku raina ta. In kuna kallon karawa a salula, da an yi kaye ku maida bidiyon baya da daƙiƙa goma, ku bar kallon wanda ya tashi sama, ku kalli hannuwa da ƙafafu: wa ya fara kamu, wa ya sa wani taku, ina nauyi ya tafi. Sannan abokin da ya ba ku aron jikinsa don ku koya, amana ce a hannunku. Ku maida shi gida lafiya lau kamar yadda ya zo.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a gafarce ni. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Wanda ke son ya ga riƙon da idonsa, na zo da kimono biyu, mu haɗu a tsakar fili bayan sallar la'asar gobe in Allah Ya kai mu.