Zaɓen Kayan Aiki Wajen Rubuta Kundin Tsara Wasan Kwamfuta



Kafin a gina wasan kwamfuta, akan rubuta kundi mai bayyana dokokinsa da matakansa da kamannin 'yan wasansa, domin mai zane da mai kiɗa da mai rubuta umarnin na'ura su san inda aka dosa. To, da me za a rubuta shi? Amsar tana rataye ne a kan wanda zai karanta kundin, da kuma yawan gyaran da zai sha.

A dubi kamfanin Nintendo na ƙasar Japan. Sa'ad da Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suke tsara wasan Super Mario Bros., wanda ya fito a 1985, sun zana matakansa ne da hannu a kan takarda mai gidan dara. Kowane gida yana daidai da wani gurbi a fuskar talabijin, saboda haka masu rubuta umarni ba su da abin yin shakka, sai dai su mayar da zanen lambobi. In gyara ya yi yawa har takardar ta dagule, sai a shimfiɗa wata shara-shara a kanta, a zana sabon a nan. Wato gyara ba ya cin kuɗi, kuma tsohon zane yana nan a ƙasa don a gwada su.

Kamfanin id Software na Amurka kuwa ya bi wata hanya dabam. A ƙarshen 1992 Tom Hall ya rubuta dogon kundi domin wasan Doom, cike da labari da tarihin jarumai. Abokan aikinsa kuwa kullum suna gwada sabon abu a na'ura, har wasan ya yi wa kundin nisa. Aka yi watsi da mafi yawansa, Hall ya bar kamfanin a 1993, wasan ya fito a Disambar wannan shekara. Ma'aikatan ofis dai sun san makomar fayil mai kauri.

Irin wannan asara ce ta sa Stone Librande, a taron masu ƙera wasanni na San Faransisko a 2010, ya ba da shawarar a taƙaita kowane tsari a shafi ɗaya, mai zane da gajeren bayani da kwanan wata, a manna shi a bango. Ya nuna cewa shafukan haɗin gwiwa irin na Wikipedia suna da sauƙin gyara, amma sukan yayyanka tsari har a kasa ganin yadda sassansa suka haɗu.

Sai dai shafi ɗaya ba ya ɗaukar komai. Ƙarfin makami, da farashin kaya, da makin da ake samu a kowane mataki, wurinsu jadawalin lissafi ne irin na Excel, inda canza lamba ɗaya yake nuna nan take abin da ya taɓa a sauran.