Kumburin Saifa Ba Kullum Ne Na Zazzaɓi Ba



Mun saba, in saifa ta kumbura, mu ɗora wa zazzaɓin cizon sauro laifi. Amma akwai wata sankara da ba kasafai ake ganinta ba, wadda ke tsirowa cikin jijiyoyin jinin saifa. Likita Bajamushe, Theodor Langhans, shi ya fara bayyana ta a 1879. Da yake cikin hanyar jini take, takan bi shi zuwa hanta, huhu da ƙashi, wani lokaci har ƙwaƙwalwa, inda takan jawo zubar jini, farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki. Babbar dama ita ce a cire saifar kafin ta fashe.

Saboda haka, in ciwon hagun ciki, rama da ƙarancin jini suka ƙi jin magani, mu garzaya asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.