Bayan Ƙona Zuciya, a Kula da Hanyar Abinci



Akwai ciwon da ke sa zuciya bugawa barkatai, kuma yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. A 1998, likitoci a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa yawanci rikicin yana tasowa ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Shi ya sa ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a ƙona wurin.

To, ga inda gizo ke saƙa: hanyar abinci tana manne da bayan zuciyar, tazararsu 'yan milimita kaɗan. Zafin ƙunar kan iya ratsawa ya huda hanyar abincin. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru, rai na cikin haɗari. Don haka likitoci ke auna zafin hanyar abincin yayin aikin, su rage ƙarfin wuta.

Ɗan'uwa daga Unguwar Rimi ko Kawo, in an yi maka wannan aiki a Indiya ko Masar ka dawo gida, alamun hujewar hanyar abincin kan iya bayyana bayan mako 1 zuwa 4. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, wahalar haɗiya ko nauyin harshe, kada ka ce maleriya ce ka nufi kemis. Garzaya Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da takardunka, ka faɗi aikin da aka yi maka. Hoton CT ake fara ɗauka, ba zura kyamara ta maƙogwaro ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya.