HANNUN DA YA ƊAGA SANDA SHI ZA A FARA TAMBAYA

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makarantar Islamiyya ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar Isha'i a Zawaciki, ƙaramar hukumar Kumbotso. Mafi yawan waɗanda suka halarta ɗaliban sakandare ne, da kuma samarin da ke aikin yini a kamfanonin Challawa da Sharaɗa.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), malamin ya fara da tuna wa 'yan uwa abin da ya auku a watan Yulin 2025 a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, inda ɗalibai biyu suka rasa rayukansu sakamakon dukan da ake zargin manyan ɗalibai 'yan uwansu sun yi musu da sunan horo, har 'yan sanda suka kama ɗalibai 11. Ya ce iyayen yaran nan akwati suka ɗaura musu da gari da sabulu suka kai su neman ilimi, gawa aka mayar musu. Kuma wanda ya yi aika-aikar ba ɗan fashi ne ya tsallako katanga ba, waɗanda suke cin abinci tare ne, suke sahu ɗaya a masallacin makaranta.

Daga nan ya waiwaya Zariya, watan Oktoban 2023, makarantar Al-Azhar, inda wani yaro ɗan ƙaramar sakandare ya mutu bayan bulalar da rahotanni suka ce ta haura 100, saboda fashin zuwa makaranta. Aka kama shugaban makarantar da mataimakinsa, gwamnatin Kaduna ta rufe makarantar. Sannan ya ambaci Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya sace a nan Kano a watan Disambar 2021, ya nemi fansar Naira miliyan 6, ya ba ta maganin ɓera, ya binne ta a harabar makaranta. Babbar kotun jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022.

Ya ce duk lokacin da irin wannan ta faru, sai ka ji mutane sun kasu biyu. Wasu su ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Wasu kuma, musamman mu matasa masu ɗan karance-karance, sai mu ce ai laifin gwamnati ne, laifin lalataccen tsari ne. Ya ce zai ɗauki maganar ta biyu tukuna, don akwai gaskiya mai yawa a cikinta, kuma ba ya son wani ya tashi daga nan ya ce an zo an wanke azzalumai.

Malamin ya ce duk wanda ya girma tsakanin Zawaciki da Panshekara ba sai an ba shi labari ba. Iyayenmu sun ga zamanin da masaƙun Bompai da majemun Challawa da kamfanonin Sharaɗa ke aiki dare da rana, magidanci yana da albashin da zai riƙe gida. Tun daga shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986, sai rashin wutar lantarki, sai kayan waje da suka cika Kantin Kwari, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Uban da ya rasa aiki, ko ya koma lebura ana biyansa kullum-kullum, zai fita tun asuba ba zai dawo ba sai yara sun yi barci. Wa ya san da wa yaron yake yawo? A makaranta kuma ɗalibai sun cika aji har ƙasa, malami ɗaya, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. A makarantar kwana da dare, malamin da ya kamata ya zaga ɗakunan kwana yana gidansa, an bar yara ɗaruruwa a hannun yara 'yan shekara 17. Ga ƙwaya, wadda ta kai sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Ga 'yan siyasa da ke raba wa samari kuɗi da makami lokacin zaɓe, bayan zaɓe a bar unguwa da 'yan daba. Ita kanta gwamnatin Kano ta amsa cewa abin ya lalace, tunda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

"Duk wannan gaskiya ne," in ji shi, "kuma waɗanda aka ba amanar jama'a suka ci, za su yi bayani. Amma ina tambayar ku 'yan uwa, a daren da aka doki yaran nan a Bichi, gwamna ne ya riƙe sandar? SAP ce ta kulle ƙofar ɗaki?"

Nan fa wuri ya yi tsit.

Ya ci gaba da cewa shi ma Abdulmalik Tanko matsin kuɗi ya kawo a matsayin uzuri. To malaman makaranta nawa ne a Kano bashi ya yi wa katutu a wannan watan? Dubbai. Cikinsu akwai wanda ya sayar da babur ɗinsa, akwai wanda ya koma ga-ruwa da yamma, ba su taɓa ɗan kowa ba. Talauci ɗaya ne ya same su duka, amma mutum ɗaya ne ya je ya sayi maganin ɓera. Ya ce wanda duk ya ce yanayi ne ya tilasta shi, to ya zalunci waɗancan dubban da suka yi haƙuri, ya mai da haƙurinsu ba komai ba. Ya tunatar da ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu (AS) guda biyu da ta zo a Suratul Ma'ida: a lokacin babu gwamnati, babu kamfani, babu ƙwaya, gida ɗaya suka tashi, amma ɗaya ya miƙa hannu ɗayan ya ƙi miƙawa, kuma wanda ya miƙa shi aka ɗora wa.

Game da masu cewa ƙaddara ce kuwa, ya ce imani da ƙaddara magani ne ga uwar da aka kashe wa ɗa, don zuciyarta ta samu sanyi. Ba a saukar da shi don ya zama garkuwar mai laifi ba. In ɓarawo ya shiga ɗakinka ya kwashe kaya, ba ka taɓa cewa a sake shi ƙaddara ce.

Inda malamin ya fi daɗewa shi ne kan abin da ya kira gadon duka. Ya ce yaro zai shiga aji ɗaya a makarantar kwana, siniya ya sa shi wanki, ya ƙwace masa gari da sukari, ya sa shi tsallen kwaɗo cikin rana, ya zane shi da belt ko wayar wuta. Yaron nan yana kuka yana ƙirga shekaru. Abin da yake jira shi ne ranar da shi ma zai zama siniya. Ranar da ya kai aji shida, wanda ya zalunce shi ya daɗe da barin makaranta, sai ya huce a kan ɗan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. A haka abin yake tafiya shekara da shekaru, malamai sun sani, tsofaffin ɗalibai ma har dariya suke yi in sun haɗu suna ba da labari, wai shi ne ya sa suka zama maza. Sai ranar da aka wayi gari da gawa kowa ya ce bai san ana yi ba.

Kuma ya ce kada 'yan Islamiyya da na allo su ɗauka da 'yan boko kaɗai ake. A watan Satumban 2019 a Rigasa ta Kaduna, mutum sama da 300, manya da yara, aka fitar daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, kuma da sunan gyaran tarbiyya aka tara su. Iyaye ne da kansu suka kai su. Ya ce yana ganin fuskoki a wurin nan na samarin da aka ba ajin yara a makarantun dare, wasu ba su fi shekara 20 ba, an miƙa musu dorina tun kafin a koya musu yadda ake koyarwa. "Ɗan uwa, in ka fito daga kamfani a gajiye, manaja ya ci maka mutunci, an yanke maka kuɗin yini, sannan ka shigo aji yaro ya kasa kawo hadda, ka tambayi kanka kafin ka ɗaga hannu: haddar kake dukansa a kai, ko manajan?"

Sai ya juya kan 'yan kallo. Ya ce duka irin wanda zai kashe mutum ba a minti ɗaya ake yin sa ba, kuma ba a yin sa shiru. Akwai kuka, akwai ihu, akwai roƙo. A ɗakin kwanan ɗalibai akwai wanda ya ji ya ja bargo ya rufe kai. A makarantar da aka yi wa yaro bulala 100, akwai wanda ya ga ta 20, ya ga ta 50, bai ce uffan ba. Ya ce ya san abin da ke hana magana: tsoron a ce maka munafuki, ko mai kai gulma, ko a juyo kanka. Tsoro ne na gaske, ba ya raina shi. Amma wanda ba zai iya riƙe hannun mai duka ba, yana da ƙafar da zai ruga ya buga ƙofar malami, ko ya tayar da mai gadi. Wannan kam ba ya buƙatar izinin kwamishina.

A lokacin tambayoyi, wani ɗalibi ɗan aji biyar ya miƙe ya ce, idan ya kai ƙara wurin malami aka yi banza da shi, daga baya siniyoyin suka gane shi ne fa? Malamin ya ce kada ya tafi shi kaɗai, su haɗu su uku ko huɗu, don wuya ne a yi wa mutum huɗu abin da za a yi wa ɗaya. In malamin ɗaki bai saurara ba a wuce wurin shugaban makaranta, in an zo ranar ziyara a gaya wa iyaye a fili, a nuna musu tabo. Ya kuma roƙi 'yan uwa masu ƙanne a makarantun kwana da su riƙa zuwa ziyara da kansu, su ja yaro gefe, su ce ya ɗaga riga su ga bayansa, domin yaro ba zai faɗa a gaban mahaifiyarsa ba.

Wani kuma ya tambaya ko ke nan a daina bulala gaba ɗaya a Islamiyya. Malamin ya ce wannan bahasi ne mai tsawo da za a ware wa zama na musamman tare da shugabannin makarantu, amma kafin nan, duk wanda ya san yana cikin fushi to ya ajiye dorina a ofis kafin ya shiga aji.

An rufe zaman da addu'a ga yaran da suka rasu da iyayensu.