Ɓarawon Wuta a Cikin Tsohuwar Mota: Jawabi ga Direbobi da Masu Motoci

An shirya wannan jawabi ne domin direbobi da masu motocin haya, musamman waɗanda ke jigilar albasa da wake da tumatir daga Arewa zuwa Inugu da Anaca da Fatakwal. Da yawa daga cikin motocin nan sun kwana biyu a duniya. Tun a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, a 1980 kuma aka buɗe masana'antar manyan motocin Mercedes ta Emene kusa da Inugu, har yau kuwa akwai irinsu a kan hanya. Injinsu yana da ƙarko, amma wayoyinsu sun tsufa.

Abin da ke faruwa sananne ne. Direba ya sauke kaya a Kasuwar Creek Road, ya ajiye mota kwana uku yana jiran lodi. Ran tashi ya murɗa makulli, sai ya ji shiru. Nan da nan a ce batir ya mutu, a sayi sabo da kuɗi mai yawa, bayan mako guda shi ma ya kwanta. An yi hasara biyu ke nan, cutar kuwa tana nan.

Ya kamata a sani cewa batir kamar randa yake. Idan aka wayi gari babu ruwa a randa, ɗayan uku ne: ko randar ta tsage, ko mai ɗebo ruwa bai zuba ba, ko kuwa wani yana sha a ɓoye. Mai hankali ba ya fasa randa sai ya binciki ukun nan bi da bi.

Na Farko: Randar Kanta

Batirin ƙaramar mota ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Idan mota ta huta aka auna da mita, cikakken batir zai nuna bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Manyan motoci da yawa batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24, saboda haka sai a ninka lissafin.

Kafin awo, a duba kawunan batir. Kasuwar Creek Road tana bakin ruwa ne, kusa da inda jiragen ruwa ke tashi zuwa Bonny da Nembe, ruwan saman da Fatakwal ke samu a shekara kuwa ya wuce milimita 2,000, watau ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Wannan laima tana sa kawunan batir su yi farin gari ko kore, tana kuma cin wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Sau da yawa batirin lafiyarsa lau, hanya ce ta toshe. A wanke kawunan da ruwan ɗumi da garin soda, a kankare su, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. A goge saman batir ya bushe, domin jiƙaƙƙiyar dauɗa ita ma tana ɗaukar wuta daga wannan kai zuwa wancan. Idan batirin mai murfi ne kuma ruwansa ya ragu, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, ban da ruwan rijiya ko na famfo.

Na Biyu: Mai Ɗebo Ruwa

Altaneta ita ce ke mayar wa batir wutar da ya kashe. A tayar da inji, a sake aunawa: lalle ne mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Idan ta tsaya a 12 da wani abu, ba a caji. Idan ta haura 15, cajin ya yi yawa, zai ƙone ruwan batir. A danna fanbel da yatsa. Idan ya lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya, ya saki, sai a ɗaure. Jar fitilar caji da ke gaban direba tilas ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa, idan ƙwanta ya ƙone altaneta ba ta fara caji yadda ya kamata.

Akwai wata mummunar al'ada da ya wajaba a bari, watau cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji. Wannan yana iya ƙona altaneta nan take.

Na Uku: Mai Sha a Ɓoye

Idan batir da altaneta sun kuɓuta, saura ɓarawo. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. Sa'an nan a kwance kan batir mai alamar (–), a sa mita ko ƙwan gwaji tsakanin kan da wayarsa. Kada a yi ƙoƙarin tayar da inji a wannan hali. Idan ƙwan ya haska sosai, ko mita ta nuna fiye da miliamfiya 50, wani abu yana jan wuta. Sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, ana mayarwa. Wanda aka zare ƙwan ya mutu, a layinsa ɓarawon yake. Idan an gama fis duka bai mutu ba, a cire wayar bayan altaneta, domin idan ta lalace a ciki takan tsotse batir da dare.

Ɓarayin da aka fi kamawa su ne fitilar but da ba ta mutuwa, da makunnin fitilar birki da ya maƙale, da rediyo ko cajar wayar hannu ko fitilun ado da aka jona kai tsaye da batir, da tsohuwar waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Kada a raina ƙanƙantarsu. Ƙwai mai wat 5 yana shan kimanin amfiya-awa 10 a kwana guda. Cikin kwana uku ya shanye rabin batir mai amfiya-awa 60. Kwana ukun jiran lodi ke nan.

Gargaɗi

Fis mai gadi ne, yakan ƙone don kada mota ta ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya kori mai gadinsa. Gobarar mota a cikin kasuwa mai cunkoso ba mai motar kaɗai take ci ba, har da rumfunan bayin Allah. Haka kuma batir yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ban da sigari ko ashana kusa da shi, ban da gwada shi ta hanyar haɗa kawunansa da sifana. Idan ruwansa ya taɓa ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

Direban da zai ajiye mota fiye da kwana biyu, kafin ya kai ga mai gyaran waya, ya kwance kan batir mai alamar (–) ya huta. Mai mota kuwa, idan an ce masa a sayi sabon batir, ya fara tambaya: nawa mita ta nuna mota tana kashe, nawa ta nuna inji yana aiki, an kuma zare fis ɗaya ɗaya? Idan babu amsa, kuɗinsa ya zauna a aljihu tukuna.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.