Abinci Mai Laushi Ga Wanda Tauna Ta Gagara

 Shirin faɗakarwa na yau ya shafi abincin mutumin da tauna ta yi wa wuya, kamar tsohon da haƙoransa suka zube, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa harshe da muƙamuƙi, da yaron da cutar noma ta ci bakinsa.

Cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki, ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta riga ta galabaitar, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ta taɓa ƙashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023, ta ƙiyasta cewa tana iya kashe kashi 90 cikin 100 na yaran da ba su sami magani ba. Waɗanda suka rayu sau da yawa tabon ciwon yakan ɗaure musu muƙamuƙi, bakin ya ƙi buɗuwa, lomar tuwo ma ta gagara shiga.

Abin da aka saba yi wa irin waɗannan majinyata shi ne a dama koko, a tsinka shi da ruwa don ya wuce ba wahala, a yi ta ba su safe da yamma. Niyyar mai kyau ce, amma abin takaici, cikin yakan cika da ruwa, jikin kuma ya ci gaba da ramewa, domin tsinkakken koko kusan sitaci ne kawai, ba shi da isasshen furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da warkar da rauni. Wani bincike da aka yi a 2017 kan yaran da aka kai Asibitin Noma na Sakkwato ya gano cewa cutar ta fi yawa tsakanin waɗanda koko ne abincinsu na kullum, abin da ke nuni da ƙarancin abinci mai gina jiki a gidajensu. Kuma a watan Yuni na 2024, gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Ma'aikatar Lafiya a Shinkafi da Zurmi ya nuna cewa kimanin yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa, a yankin da rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu.

Don haka abin nema shi ne laushi tare da ƙarfi, kuma kayan haɗin suna cikin abin da ake nomawa a wannan yankin. Idan aka soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, aka niƙa su tare aka tankaɗe, kunun da za a dama da garin ya fi koko nesa ba kusa ba, balle idan an zuba masa cokalin man gyaɗa ko madara. Alale mai taushi, da faten wake da aka dafa har ya narke, da dafaffiyar kabewa ko dankali da aka murje da man ja, da ƙwai, da fura da nono da aka dama babu gudaji, duk suna wucewa ba tare da an tauna ba. Tsoho kuwa bai kamata a raba shi da tukunyar gida ba: a tuƙa masa tuwon da ruwa-ruwa, a yanka ƙanana a miyar kuka ko kuɓewa, domin yauƙinsu yana taimaka wa loma ta sauka, naman kuma a dafa shi lugub, a daka a turmi, a jiƙa da romo. Kifi sai an tsince ƙayarsa tsaf. Hanyar gane ko laushin ya kai ita ce a danna abincin da bayan cokali. Idan ya baje cikin sauƙi, dasashi ma zai iya da shi.

Wajibi ne a bambanta wahalar tauna da wahalar haɗiya. Mai shanyewar ɓarin jiki da ke ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa yana cikin haɗarin abinci ya bi masa hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu, saboda haka abu mai kauri ya fi masa aminci a kan tsinkakke, kuma lallai ma'aikacin lafiya ya duba shi. A zaunar da shi a miƙe, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, kada a yi masa ɗura yana kwance, kada kuma ya kishingiɗa sai bayan kamar rabin awa. In an gama, a tsabtace bakin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, domin abinci mai laushi yana maƙalewa a kunci.

Iyayen da suka ga dasashin yaro yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumbura, su garzaya asibiti mafi kusa a ranar, domin a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da noma. Waɗanda kuma ciwon ya riga ya ɗaure wa baki a kai su Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, inda ake yin tiyatar gyaran fuska kyauta.