Darasin da Wata Ciyawar Amurka Ta Maimaita Mini

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya mazauna ƙasar waje ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.



Da Sakatare ya bugo mini waya ya ce an sa sunana cikin masu jawabi, na ɗauka zai ce in yi magana a kan harhaɗa magunguna, tunda ita ce sana'ar da na yi furfura a cikinta a Amurka. Amma sai ya ce in zaɓi abin da na ga dama, ni kuwa na zaɓi lambu. Na hangi 'yan ajinmu suna dariya, kuma da gaskiyarsu, domin kowa ya san a zamaninmu ba a yi raggo irina a gonar makaranta ba. Duk ranar da aka ce a ɗauki fartanya, ran nan ciwon cikina ke tashi. Ga Malaminmu na aikin gona nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne shaidata.

Abin da ya mai da ni manomi da girmana wata ciyawa ce mai ƙanshi, wadda Amurkawa ke kira bee balm, wato kamar a ce maganin ƙudan zuma. Masana tsirrai kuwa Monarda suke ce mata. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya tabbatar mata da wannan suna a littafinsa na 1753, don tunawa da wani likitan birnin Sebil na ƙasar Sifen, Nicolas Monardes, wanda ya rasu a 1588. Wannan likita ya yi rubutu a kan itatuwan magani na Amurka alhali bai taɓa taka ƙasar ba, abin da jiragen ruwa suka kawo kawai yake bincikawa. Asalin ciyawar Amurka ta Arewa ne, amma ba baƙuwa ba ce a gare mu ƙwarai, domin danginsu ɗaya da na'a-na'a da daddoya. In kun koma gida ku murza karan daddoya a tsakanin yatsu, za ku ji yana da kusurwa huɗu, ganyen kuma biyu-biyu ne suna fuskantar juna. To, haka ita ma take.

Iri biyu aka fi sani. Akwai mai jan fure wur, wadda ta fi son wuri mai danshi, akwai kuma ta daji mai fure shunayya-shunayya, wadda ta fi jure fari. Tsawonta kan kai kamar mita ɗaya, furen kuma a can ƙoli yake tsayawa a barbaje kamar tukku. A watannin Yuli da Agusta, in ta yi fure, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa barin wurin. Har ila yau akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu wanda babu irinsa sai a nahiyar Amurka, yana iya tsayawa cak a iska yana tsotson fure, har ma ya yi baya-baya. Ja ɗin ita ce abin sonsa.

'Yan asalin ƙasar, waɗanda a makaranta aka koya mana da sunan Jajayen Indiyawa, sun daɗe suna dafa ganyenta su sha, suna kuma sa shi a rauni da ciwon baki. A 1743 wani masanin tsirrai ɗan Filadelfiya, John Bartram, ya yi tafiya zuwa Oswego, a bakin tafkin Ontariyo, ta hannunsa kuma irin ya isa Ingila. Har yau ana ce wa ja ɗin shayin Oswego. Bayan da mutanen Boston suka kelaya akwati 342 na ganyen shayi cikin teku a watan Disamba na 1773 don nuna ƙin harajin Ingila, tana cikin ganyayen gida da mutane suka koma sha maimakon shayin kanti.

Yadda muka haɗu da ita kuwa, shekarar da na samu gida mai ɗan fili a baya, wata tsohuwa maƙwabciyata ta miƙo mini wani curin ƙasa ta saman shinge, da 'yan tsirrai a jikinsa. Ta ce in dasa a inda rana ke samu, in kuma ba su tazara. Na ce to, na kuwa je na cusa su wuri ɗaya a gindin bango, inda babu rana babu iska, don kada su tare mini hanya. Kullum na taso daga aiki da yamma sai in sheƙa musu ruwa tun daga sama. Kafin ƙarshen Agusta ganyen duk ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, ya nannaɗe, ya zube. Wata cutar fumfuna ce, kuma ita ce babbar abokiyar gabar wannan ciyawa. Abin da ke kawo ta cunkoso ne da rashin iska, da barin saiwa ta bushe. Maganinta shi ne a bar tazarar kamar rabin mita tsakanin shuka da shuka, a rage karan da ya yi yawa, a riƙa zuba ruwa a gindi da safe, a kuma kwashe ganyen da ya kamu. An ma fito da iri masu jure cutar, irin su Jacob Cline da Marshall's Delight.

Allah gafarta Malam, ran nan na tuna da ku. Na tuna kuna bin kunya-kunya da sanda kuna auna tazara, kuna cewa shuka ma tana son ta sha iska. Mu kuwa muna ganin wahalar da mu kawai kuke yi. Sai da na haura shekara arba'in, a ƙasar wasu, sannan na fahimci darasin aji ɗaya.

Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai komai ya bushe ƙurmus. Na ɗauko shebur zan tone in zubar, tsohuwar nan ta hango ni ta ce in dakata, ba ta mutu ba. Ashe saman ne kawai ke mutuwa, jijiyar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Watan Afrilu na kamawa sai ga ta ta tofo, ta ma fi da yawa. A nan na ciro ta na mayar da ita sarari, tun daga shekarar kuwa ba ta sake ba ni kunya ba.

Amfaninta a gidana ba shi da wuya. Kafin fure ya buɗe nakan yanko kara da safe, in ɗaure, in rataye a inuwa har ya bushe. Ƙaramin cokali ɗaya na busasshen ganye a kofin ruwan zafi, a rufe kamar minti goma, shayi ya haɗu. Ƙanshinsa tsakanin na'a-na'a ne da tayim ɗin da ake sa wa dafa-duka, don haka uwargida kan jefa shi a farfesu. Dalilin wannan kama shi ne sinadarin taimol da ke cikinsu, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta, har ana sa shi a wasu magungunan kurkure baki na kanti. Amma a matsayina na mai harhaɗa magani dole in ja kunne: shayi ne, ba ya maye gurbin asibiti, mai juna biyu kuma ta tambayi likita tukuna. Bugu da ƙari, kada kowa ya ce in ɗuro masa iri a aljihu. Shigo da tsirrai yana da doka, ita kuma ciyawar ƙasar sanyi ce. 'Yan'uwanta suna nan a bayan ɗakunanmu, mu ne muka raina su.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na zaɓi wannan magana. Ita wannan ciyawa yaɗo take ta ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana ƙara nisa da inda aka dasa ta. Bayan shekara uku sai ka ga gefe ya yi kore shar, tsakiya kuwa, inda asalin yake, ya mutu ya bar fili. Abin da masu lambu ke yi shi ne su tone, su yanko daga masu rai na gefe, su zuba taki a tsohon gurbin, su mayar.

Jiya da yamma na zagaya bayan ɗakunan kwana don in ga gonarmu. Shinge ya faɗi, awaki ke kiwo a ciki, rijiyar da muke jan ruwa ta cushe. Na tambayi wani yaro ɗan aji biyu ko yana da fangalinsa, bai ma gane abin da nake nufi ba. Ban ga laifin kowa ba sai namu. Mun yaɗu, wasu Legas, wasu Abuja, wasu bayan teku, kowa ya yi kore a inda yake, mun bar tsakiya fili.

Saboda haka ina roƙon Shugaba ya sa maganar gonar makaranta cikin abin da za a tattauna yau, kada a ɗaga ta zuwa baɗi. Ni na ɗauki nauyin shinge. Yasar rijiya, da fartanyu da bokitai da iri, na bar wa sauran azuzuwa su raba a tsakaninsu. Kowane yaro a ba shi fangalinsa, ya shuka daddoya da na'a-na'a da alayyafo da hannunsa, ko da zai yi ƙaryar ciwon ciki kamar yadda na yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, don haka ina roƙon Malam, in da hali, ya zo ran da za a ja kunyar farko ya auna mana tazara.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.